Farautar barewa da karnuka a Ingila: hujjar masu neman a hana, da yadda ake aikin

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a kudu maso yammacin Ingila. Ran Asabar na tarar da wasu mutane a bakin kasuwa suna raba takardu, wai a kawo ƙarshen farautar barewa da karnuka. Ni na ɗauka an daɗe da hana wannan a ƙasar. Sannan mu a gida farauta da kare ba abin zargi ba ce. Mene ne ainihin hujjarsu, tausayi ne kawai ko akwai ilimi a ciki? In kuma mutum ya gamsu yana so ya taimaka, me ake yi a aikace?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kana son sanin abu uku: me ya sa ake ci gaba da faɗa a kan abin da doka ta riga ta hana, wace hujja ce ke hannun masu faɗan, da kuma yadda mutum zai sa hannu ba tare da ya jawo wa kansa ko dabbar wata masifa ba. Zan fara da bayyana farautar kanta, domin yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa.

Wace barewa, wace irin farauta

Dabbar da ake magana a kanta ba 'yar barewar da muka sani ba ce. Jar barewa ce ta Turai, mafi girman namun dajin da ke yawo a doron ƙasar Birtaniya. Namiji yakan kai kilo 90 zuwa 190, mace kilo 63 zuwa 120, wato a jiki ta fi kusa da kanki. Namijin yana da ƙaho mai rassa da yake zubarwa duk shekara ya sake tsirar da wani. A Ingila matattararsu ita ce tsaunukan Exmoor, tsakanin Devon da Somerset, inda ake ƙiyasta akwai kusan 3,000, sai kuma tudun Quantock da ke gabas da nan. Ƙungiyoyi uku ne ke riƙe da garken karnukan farautarsu: Devon and Somerset Staghounds, da Quantock Staghounds, da Tiverton Staghounds. Akwai ta huɗu a dajin New Forest mai bin wata barewa ƙarama, amma ta watse tun 1997.

Ga yadda ake yin ta a al'ada. Akwai mutum ɗaya da aikinsa leƙen makwanci ne. Tun yammacin jiya da asubahin ranar yake bin sawu, ya gano kurmin da namijin da ake so ya kwanta. Da hantsi mahaya su taru. Ba a sakin garken duka da farko; tsofaffin karnuka kaɗan masu ƙwarewa ake turawa su tayar da shi, su ware shi daga sauran bareyi. In ya fita fili ya miƙa, sai a ɗora masa sauran garken. Waɗannan karnuka ba na kamu ba ne, na shinshina ne. Barewa ta fi su gudu nesa ba kusa ba, amma su an haife su ne don juriya. Sai ta zabura ta ba su rata, ta tsaya ta huta, ta ji haushinsu ya matso, ta sake zabura. Haka za a yi ta yi, kowace zabura ta fi ta baya gajarta, har ƙafa ta ƙi. A ƙarshe takan gangara rafi ta tsaya cikin ruwa, ta juyo ta fuskanci karnukan suna kewaye da ita suna haushi, sai mai bindiga ya matso ya harbe ta a kai daga kusa. Ba kullum ake kashewa ba, wata ranar dabbar takan ɓace musu ko duhu ya raba.

Lokutan ma suna da muhimmanci. Manyan maza ake bi daga Agusta zuwa Oktoba, mata daga Nuwamba zuwa Fabrairu, samarin maza a Maris da Afrilu. Macen da ake kora a Janairu galibi tana da ciki, kuma sau da yawa ɗan da ta haifa a Yunin da ya wuce yana biye da ita. Shi ba zai iya jure tafiyar ba, sai a rabu a hanya.

To ka ga bambancinta da abin da ka sani a gida. Mafaraucin da ya saki karensa kan zomo ko gada yana so a kama da wuri ne, domin nama yake nema. A nan kuwa tsawon korar shi ne abin da mahaya da masu bi a mota suka fito kallo. In aka gama cikin minti goma an ɓata musu rana. Ko a fiƙihu an raba tsakanin biyun. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, amma Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Masu raba takardun nan ba daga wannan littafi suka ɗauko hujjarsu ba, amma wurin da suka sa yatsa bai yi nisa da nan ba.

Abin da jinin dabbar ya nuna

Shekaru da dama gardamar ta tsaya a kan "ni na ga tana wahala" da "ni na ga ba ta wahala". Abin da ya sauya ta shi ne binciken Farfesa Patrick Bateson na Jami'ar Cambridge, tare da Elizabeth Bradshaw, wanda National Trust, ƙungiyar da ke riƙe da filaye da gidajen tarihi masu yawa a Ingila don adana su, ta ɗauki nauyinsa aka fitar a Afrilun 1997. Sun ɗebi jini da tsoka daga bareyi 64 da aka kashe bayan kora da karnuka, suka gwada da na wasu 50 da aka harbe nan take ba tare da kora ba. Matsakaicin kora ya kai kusan awa uku, nisan kuwa kimanin kilomita 19.

Abin da suka gani ga shi. Sukarin da tsoka ke ajiyewa don aiki, wanda ake kira gilaikojin, ya kusa ƙarewa ƙaf a cikin waɗanda aka yi wa doguwar kora. Wannan yana nufin dabbar da ta tsaya a ruwa ba dabara take yi ba, man ne ya ƙare. Sinadarin kotisol, wanda jiki ke zubowa a halin tsananin matsi, ya hau matuƙa. An sami jan launin jini yana yawo a cikin ruwan jini, alamar ƙwayoyin jini sun farfashe, kuma wannan ya fara bayyana tun korar ba ta yi nisa ba. An kuma sami sinadaran da mazauninsu cikin tsoka yake sun malalo cikin jini, abin da ba ya faruwa da yawa sai tsoka ta ji rauni. Bateson ya haɗa wannan da yanayin rayuwar dabbar: jar barewa ba mai doguwar tafiya ba ce, mai zama ce a ɗan yankinta, tana kiwo tana tuƙa. Kyarkeci, wanda shi ne maƙiyinta na asali, gajeriyar kora yake yi, ko ya kama ko ya haƙura. Kora ta awa uku ba abin da jikinta ya ginu a kai ba ne.

Masu farauta ba su yi shiru ba. Ɓangarensu ya ɗauki nauyin wani binciken na haɗin gwiwar jami'o'i ƙarƙashin Roger Harris, aka fitar a 1999. Shi ya ce yawancin sauye-sauyen nan irin waɗanda ake gani ne a jikin doki ko ɗan tsere bayan aiki mai tsanani, kuma wahalar gaske sai a ƙarshen kora take zuwa, lokacin da sukarin tsoka ya ƙare. Ka lura da wannan da kyau, domin ko binciken da ya fi yi musu sassauci bai ce babu wahala ba. A kan tsawonta aka saɓa. Da gwamnati ta kafa kwamitin Lord Burns don ya binciki farauta da karnuka, Bateson da Harris suka haɗu suka rubuta masa rahoto guda. Rahoton kwamitin na Yunin 2000 ya kammala da cewa yawancin masana sun yarda akwai yiwuwar barewa tana shan wahala a matakin ƙarshe na farautar, kuma harbi daga ɓoye, in ƙwararre ne ya yi shi kuma da karen da zai bi wadda ta ji rauni, shi ya fi dacewa.

Ilimin nan yana da iyaka, kuma mai faɗa da gaskiya ya kamata ya san ta. Gwajin jini yana auna abin da ya faru da jiki, ba ya auna abin da dabba ke ji a ranta kai tsaye. Daga alamu ake kai wa ga hukunci. Amma alamun sun haɗu sun nuna wuri ɗaya, kuma ɗan tseren da ake kwatanta ta da shi yana da ikon tsayawa in ya ga dama, ita kuwa karnuka ne a bayanta.

Hujjar ɗaya ɓangaren, wadda ba a raina ta

Wanda zai shiga wannan aiki bai san abin da manomin Exmoor zai ce masa ba, zai sha kunya a zaman farko. Kyarkeci ya ƙare a Ingila ɗaruruwan shekaru da suka wuce, don haka babu abin da ke rage yawan bareyi sai mutum. Suna cin ciyawar da aka tanadar wa tumaki, suna shiga gonaki, suna cinye 'yan itatuwan da ke tsirowa a kurmi, suna karya shinge. Dole a rage su kowace shekara. Masu farauta suna cewa manomi yana haƙuri da ɓarnar ne saboda shi ma ɗan farauta ne, ana raba masa nama, kuma yana alfahari da manyan mazan da ke kwana a gonarsa. In aka cire wannan, kowa zai ɗauki bindiga ya kare amfaninsa. Suna kafa hujja da tarihi: bayan an sayar da garken karnukan Exmoor a 1825 bareyin sun ragu ƙwarai saboda farautar sata, sai bayan an farfaɗo da farautar a 1855 suka sake yawa. Suna kuma cewa su ake kira dare ko rana in mota ta buge barewa ta shige daji da karaya.

Amsar da ke da ƙarfi tana cikin lissafi. Kwamitin Burns ya gano ƙungiyoyin uku suna kashe kimanin bareyi 160 ne a shekara, wato kusan kashi 15 cikin 100 na abin da ake buƙatar ragewa a yankin. Sauran duk da bindiga ake yi tun da can. A Scotland, inda jar barewa ta fi ko'ina yawa a Birtaniya, da bindiga ake rage su. Amma kwamitin ya yarda da rabin maganar manoma: ya ce in aka hana ba tare da an kafa tsarin kula da bareyin na haɗin gwiwa ba, yawansu zai iya raguwa. Saboda haka mai neman hani na gaskiya ba ya cewa a daina kashe barewa. Cewa yake a daina korar ta. Duk wanda ya cakuɗa biyun ya ba abokin gardamarsa makami, domin nan take za a ce masa ɗan birni ne da bai taɓa ganin gonar da bareyi suka kwana a ciki ba.

Harbin ma ba tsarkakakke ba ne. Bradshaw da Bateson sun ƙiyasta cewa kashi 11 cikin 100 na bareyin da ake harba suna buƙatar harsashi fiye da ɗaya, kashi 7 suna ɗaukar minti 2 zuwa 15 kafin su mutu, kashi 2 kuma suna tserewa da rauni. Waɗannan kashi 2 suna iya shan wahalar da ta fi ta kora. Abin da ya sa ma'auni ya rinjaya shi ne, a harbi mafi yawa suna faɗuwa ba su san me ya same su ba, a kora kuwa duk wadda aka ɗora wa karnuka sai ta ɗanɗana, har wadda ta tsira. Dokar bareyi ta 1991 ta riga ta shimfiɗa ƙa'idar harbin a Ingila: bindiga mai bakin da bai gaza .240 na inci ba, ba a harbi da dare sai da izini na musamman, maza daga 1 ga Agusta zuwa 30 ga Afrilu, mata daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Mai fili ya fi majalisa saurin amsawa

Kora ta kilomita 19 tana ratsa filayen mutane da yawa. Wannan shi ne lagonta, kuma masu adawa sun gane haka tun da wuri. League Against Cruel Sports, wadda aka kafa a 1924, ta fara sayen kurmi da filaye a Exmoor da Quantock tun ƙarshen shekarun 1950, mafi shahara shi ne Baronsdown kusa da garin Dulverton. Fili kaɗan a mararrabar da bareyi ke bi yakan katse kora, domin karnuka ba su da izinin shiga. Dabarar tana da nata ciwon kai: inda ba a harbi bareyi kan taru da yawa, cunkoso kuma yana jawo cuta, an kuma daɗe ana sukar ƙungiyar a kan haka.

Misali biyu ne suka fi koyar da darasi, ɗaya ya faɗi ɗaya ya ci. A 1993 majalisar gundumar Somerset ta hana farautar a wani filinta da ke tudun Quantock, bisa dalilin cewa kansiloli suna ganin zalunci ce. Masu farauta suka kai ƙara, kotu ta soke hanin, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1995. Dalili: majalisar gunduma ba mai fili ce kamar kowa ba, ikon da doka ta ba ta na sarrafa filin ne don amfanin yankin, kuma ba ta nuna ta auna hukuncinta da wannan ma'auni ba. National Trust kuwa, mambobinta sun kaɗa ƙuri'ar neman hani tun 1990, shugabanni suka ja ƙafa, daga baya suka nemi a yi bincike. Da rahoton Bateson ya fito, washegari majalisar ƙungiyar ta hana farautar barewa da karnuka a duk filayenta. An kai ta kotu ita ma, hanin ya tsaya. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ta tsaya a kan jin zuciya, ɗaya ta tsaya a kan takarda mai awo da kuma ikon da take da shi a kan filinta.

Dokar 2004 da ƙofofin da ta bari

A majalisar dokoki tafiyar ta yi tsawo. Ƙudurin ɗan majalisa Michael Foster na 1997 ya sami ƙuri'a 411 a kan 151 a karatu na biyu, amma lokaci ya ƙure masa. Ƙungiyar Countryside Alliance ta fito da mutane kusan 400,000 titunan Landan a Satumban 2002 don nuna adawa da hani. Majalisar dattawa ta yi ta mayar da ƙuduri baya, har aka yi amfani da dokar da ke ba majalisar wakilai damar tsallake ta a Nuwamban 2004. Hanin ya fara aiki a Ingila da Wales ranar 18 ga Fabrairun 2005. Don haka abin da ka ji gaskiya ne, an hana.

Sai dai dokar ta zo da jerin keɓance-keɓance, uku daga ciki su ne suka shafi barewa. An yarda a yi amfani da karnuka da ba su wuce biyu ba don tayar da dabba daga kurmi, in don kare amfanin gona ne ko neman nama, da sharaɗin a harbe ta da zarar ta fito. An yarda da karnuka biyu don ceton dabbar da ake zaton ta ji rauni. An kuma yarda da karnuka biyu don bincike da lura da dabba. Da waɗannan ƙofofi ƙungiyoyin uku suke fita har yau. Abin da masu sa ido ke kai ƙara a kai shi ne karɓa-karɓa: a saki karnuka biyu, in sun gaji a ɗauke su a mota a sako wasu biyu, mahaya da masu babur mai ƙafa huɗu suna tare hanya suna hana dabbar kwanciya. A wajen barewa lissafin ɗaya ne, ko da biyu aka kore ta awa uku ko da talatin. A 2007 kotu ta sami mutum biyu na Quantock Staghounds da laifi a ƙarar da League ta shigar da kanta, domin alƙali bai yarda cewa abin da suka yi tayarwa ce don harbi ba.

Samun irin wannan hukunci yana da wuya. Babbar kotu ta yanke a 2009 cewa in wanda ake tuhuma ya kawo hujjar yana cikin keɓancewa, masu gabatar da ƙara ne za su rushe ta, kuma neman dabba kawai kafin a same ta bai zama farauta ba. Hukuncin laifin tara ce, babu ɗauri. Dole kuma a shigar da ƙara cikin wata shida. Shi ya sa buƙatun masu raba takardun da ka gani suka koma kan gyaran doka: a cire keɓancewar bincike da lura, a sa sakaci ya zama laifi ba sai an tabbatar da niyya ba, a ƙara ɗauri cikin hukunci. Scotland ta riga ta sake tata dokar a 2023, ta taƙaita karnuka zuwa biyu sai da lasisi, ta kuma hana bin sawun ƙanshin da aka shimfiɗa da hannu. Ireland ta Arewa ba ta da hani ko kaɗan, ƙudurin da aka kai majalisarta a Disambar 2021 ya faɗi. A Faransa farautar halal ce a doka, kuma can ma hoton bidiyo ne ya motsa abubuwa, bayan an harbe wani namijin barewa a cikin lambun gidan mutane kusa da Compiègne a 2017.

In ka yanke shawarar sa hannu

Hanya biyu ce a fili, kada ka haɗa su. Akwai masu sa ido, waɗanda aikinsu ɗaukar hoto ne kawai. Akwai kuma masu ɓata farauta, irin 'yan Hunt Saboteurs Association da aka kafa a Devon a 1963, masu busa ƙaho su janye karnuka ko su fesa turare mai ƙarfi a kan sawu. Na biyun yana iya jefa mutum cikin laifin shiga filin wani don hana halastaccen aiki, ƙarƙashin dokar 1994, kuma wannan laifi akwai ɗauri a cikinsa. Kai da kake zaune da bizar karatu, hukunci ko ƙarami ne zai iya bin ka zuwa ranar sabunta takarda. Garin neman gira kada a rasa ido. In za ka fita, ka bi masu sa ido da suka san yankin, kada ka fita kai kaɗai, kuma kafin komai ka nemi shawarar lauya ko ofishin ɗalibai na makarantarka a kan matsayinka, domin wannan bayani nawa ba ya maye gurbinsu.

Bidiyon da ke amfani a kotu ba shi ne mai tayar da hankali ba. Ana son ya nuna abu huɗu a jere ba tare da yankewa ba: barewar tana gudu, karnukan a kan sawunta da adadinsu, mutumin da ke sarrafa su a yanayin da za a gane shi, da abin da yake yi, ko yana zuga su da murya da ƙaho ko yana ƙoƙarin tsayar da su. In barewa ta wuce ta gabanka kada ka bi ta da kyamara har ta ɓace ka kashe. Ka bar kyamarar tana aiki a kan gurbin da ta bi, shinge ne ko ƙofa, har karnuka su iso, ko da minti goma ne. Wannan tazarar da ba a yanke ba ita ce ke nuna sawunta suke bi. Ka saita agogon kyamara tun a gida, ka faɗi lokaci da wurin da baki a cikin ɗaukar, ka rubuta lambobin taswira. Tunda gardamar yanzu a kan tsawon kora da musayar karnuka take, mutum ɗaya ba ya isa. Ana buƙatar mutane a wurare uku ko huɗu da agogonsu ya yi daidai, domin a nuna dabba ɗaya ce aka gani ƙarfe 12 a nan, ƙarfe 2 a can. Rassan ƙahon namiji suna taimakawa wajen gane shi, don haka a matso da hoton kansa in an samu dama.

Kurakuran da ke kashe ƙara sanannu ne. Mutum ya yanka bidiyon ya sa a Facebook da yamma kafin 'yan sanda su gani, lauyan wanda ake tuhuma ya ce an taɓa shi. A goge katin asali bayan an kwafa. Muryar mai ɗauka tana zagi a ciki, a nuna wa alƙali a ce ga irin shaidar. A rubuta sunan mutum a ce mai laifi ne kafin kotu ta ce haka, a ƙare da ƙarar ɓata suna. Ko a yi ta jan ƙafa har wata shida su cika. Abin da ya dace: in abin yana faruwa a gabanka ka kira 'yan sanda a lambar gaggawa 999, in ya wuce ka kira su a 101, ka karɓi lambar rahoto, ka nemi a haɗa ka da jami'in da ke kula da laifukan namun daji, ka ajiye katin asali a ambulan da kwanan wata, ka rubuta abin da ka gani a daren kafin ka tattauna da kowa.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan muni, domin dabbar yake cutarwa. Barewar da ake kora tana da inda ta nufa, kurmi ko rafi. In ka tsaya a kan hanyarta, ko ka taso da gudu don samun hoto mai kyau, za ta juya, kuma bayanta karnuka ne. In ka hango ta tafe ka tsaya cik a jikin shinge ko itace, ka yi shiru, ka bar ta ta wuce. Ka tsaya a kan titi ko hanyoyin ƙafa da doka ta buɗe wa kowa, waɗanda ke da alama a taswira. Kada ka tare ƙofar gona da mota, kada ka taɓa doki ko kare, kuma in an zo ana tsokanarka ka bar kyamara ta yi magana. Masu amfani da jirgi marar matuƙi su tuna iyakar tsayi mita 120 ce, kuma dole ya kasance ido na ganinsa. In aka sauko da shi ƙasa-ƙasa shi ma kora ce.

Yawancin aikin da ke kawo sauyi ma ba a daji ake yin sa ba, kuma shi ya fi dacewa da mai zama irin naka. Wasiƙa zuwa ga ɗan majalisar mazaɓar da kake zaune, wadda ta ambaci keɓancewar bincike da lura da sunanta ta nemi a cire, ta fi takardar koke mai cewa a daina zalunci nauyi. In gwamnati ta buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a a kan gyaran dokar, kowa yana iya aikawa da nasa. Mamban National Trust yana da ƙuri'a a babban taronta na shekara, kuma da irin wannan ƙuri'a ce aka sa ta daina ba da izinin bin sawun ƙanshi a filayenta a 2021. In kuma karatunka ya shafi dabbobi ko muhalli, tambayar da ta fi amfani ka riƙa yi wa masu iƙirarin bincike ita ce wadda ake yi wa kowane mai bincike: ina tsarin aikin, wace hukumar ɗa'a ta amince da shi, a wace mujalla aka buga sakamakon, kuma me ya hana a samu wannan bayani da tabarau mai hangen nesa ko kyamarar da ake ɗaurewa a jikin itace.